Jami'ar da Ke Gina Ɗakin Ƙasa Don Ta Rushe Shi

A Jami'ar Katolika ta Peru da ke birnin Lima, injiniyoyi kan kira magina su kwaɓa ƙasa da ciyawa, su buga bulo, su tayar da ɗaki har rufi. Idan ya bushe, sai a ɗora shi a kan wani faffaɗan teburin ƙarfe da inji ke tunkuɗawa gaba da baya. Motsin ba na ganin dama ba ne. Daga wanda na'urori suka naɗa lokacin girgizar ƙasar 31 ga Mayu, 1970 ake kwaikwayo, wadda ta ci rayuka kusan 70,000 a ƙasar. Bayan wannan masifa ce jami'ar ta duƙufa kan binciken ginin ƙasa, domin a cikinsa talakan Peru ke kwana.

Abin da teburin ke nunawa na da tayar da hankali. Bangon ƙasa gwani ne wajen ɗaukar nauyin da aka ɗora masa daga sama, amma ba ya jure fizga ta gefe. Daga kusurwa ake fara ganin tsaga, ta gangaro daga sama, har bango ya rabu da ɗan'uwansa. Da sun rabu, kowanne sai ya shiga rangaji shi kaɗai, ya kife, rufi ya rufto. Duka cikin 'yan daƙiƙoƙi. Haka ta faru a birnin Bam na Iran a 2003, inda sama da mutum 26,000 suka rasu, haka kuma a ƙauyukan tsaunukan Maroko a 2023.

Injiniyoyin jami'ar, su Farfesa Julio Vargas Neumann da Marcial Blondet, ba su ɓata lokaci wajen neman bangon da ba zai tsage ba. Sun ce ya tsage ɗin, amma ya tsaya a tsaye har mutanen gida su fice. Sun gwada dasa gora a cikin bango, da ɗora katako a saman bangwaye huɗun ya zagaye su ya haɗe su. Sun gwada ragar waya, sun gwada ragar roba da ake lulluɓe bango da ita kafin yaɓe. Gidajen da aka ƙarfafa da ragar waya sun tsira a girgizar da ta auka wa kudancin Peru a 2001, alhali na maƙwabta da dama sun zube. Daga baya suka koma kan igiyar nailan, irin wadda ake samu a kowace kasuwa: a huda bango, a zura ta tsaye da kwance, a ɗaure tamau kamar yadda ake ɗaure kaya a bayan mota. A kan teburin, ɗakin ya tsattsage amma bai faɗi ba. A 2017 dokar ginin ƙasa ta Peru ta amince da wannan dabara.

Japan na da teburin da ke girgiza bene mai nauyin tan 1,200, kuma abin jinjina ne. Sai dai ni binciken Lima ya fi burge ni, don maganin da ya fito da shi manomi zai iya saye.

Mu nan ba a kan bakin babbar girgiza muke ba, alhamdu lillahi, ko da yake mutanen Kwoi a 2016 da na Mpape a Abuja a 2018 sun ji ƙasa ta motsa. Amma mai sabon gini, ka sa ido kan kusurwa, ka tabbata magini ya sarƙa bulon bango da na ɗan'uwansa tun daga tushe.