FASHIN BAƘI: Wa ke zaɓar manhajar da ke buɗe takardun PDF a waya, kuma yaya ake sauya ta?

A watan Maris na 2024 Majalisar Dattawa ta dakatar da Sanata Abdul Ningi na tsawon wata uku, bayan hirar da ya yi da BBC Hausa, inda ya yi zargin cewa akwai kimanin naira tiriliyan 3.7 a kasafin kuɗin shekarar waɗanda ba a ga ayyukan da aka ware su dominsu ba. An shafe makonni ana tafka muhawara a Facebook da X da zaurukan WhatsApp, alhali abin da ake gardama a kansa yana nan a ajiye. Ofishin Kasafin Kuɗi na Tarayya yana wallafa kundin kasafin a shafinsa na intanet a matsayin fayilolin PDF, kuma duk mai waya da data yana iya sauke shi.

Haka aka sake yi a watan Oktoba na shekarar, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya aika wa Majalisar Tarayya ƙudurori huɗu na garambawul ga haraji, gwamnonin Arewa kuma suka nuna adawa da tsarin rabon harajin VAT da ke ciki. Ƙudurorin sun yi ta yawo daga waya zuwa waya a fayilolin PDF. Wanda ya iya buɗe su ya lalubo sashen da ake magana a kai ya ga abin da aka rubuta da idonsa. Wanda bai iya ba sai ya dogara da abin da aka faɗa masa.

Tsakanin ɗan ƙasa da irin waɗannan takardu akwai wata ƙofa da ba a cika lura da ita ba, wato manhajar da ke buɗe fayil ɗin. Wata tana lalubo kalma ɗaya a cikin shafuka ɗari biyar cikin daƙiƙu kaɗan. Wata kuwa talla za ta fara nunawa, ta nemi izinin shiga lambobin da ke cikin waya, sannan ta cije a shafi na arba'in. A mafi yawan lokuta mai wayar bai san ranar da ya zaɓi ɗaya a cikinsu ba.

Mene ne PDF?

Kamfanin Adobe na Amurka ne ya fito da PDF a shekarar 1993, daga wani shiri da ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin, John Warnock, ya sa wa suna Camelot. Manufar ita ce takarda ta fito da siffa ɗaya a kowace na'ura: layi ya tsaya inda yake, shafi na 12 ya kasance shafi na 12 a wurin kowa. Wannan ne ya sa kotuna da majalisu da ma'aikatu suka rungume shi, domin doka da hukunci suna buƙatar a iya cewa "duba shafi kaza, sakin layi kaza".

Da farko sayar da manhajar karanta shi ake yi a kan dala 50, kafin kamfanin ya mayar da ita kyauta. A 2008 kuma tsarin ya zama ma'aunin duniya mai lamba ISO 32000, wanda kowa ke da damar gina manhaja a kansa. Saboda haka ba dole ba ne sai da manhajar Adobe za a karanta PDF, kuma wannan ne dalilin da ya sa rumbun manhajoji na Play Store ya cika maƙil da masu wannan aiki, nagari da na banza.

Yadda na'ura ke yanke hukunci

Kowane fayil yana da wutsiya a ƙarshen sunansa, kamar .pdf ko .docx ko .jpg ko .mp3. Na'ura tana riƙe da wani jadawali da ya haɗa kowane nau'in fayil da manhajar da za a miƙa masa. Idan aka latsa takarda a WhatsApp ko a imel, jadawalin ake dubawa, manhajar da sunanta ke wurin ita ke karɓa.

Hanyoyi uku ne manhaja ke bi ta samu wannan gurbi. Ko dai masu ƙera na'urar sun ɗora ta tun daga masana'anta, kamar yadda Windows 10 da Windows 11 ke miƙa PDF ga burauzar Edge, kwamfutocin Apple kuma ga Preview. Ko kuma sabuwar manhaja ta nemi gurbin a lokacin da ake girka ta, aka amince ba tare da karantawa ba. Ta uku ita ce ta masu Android: waya ta tambaya ko a buɗe da wannan manhaja sau ɗaya ko kullum, mutum yana sauri ya latsa "Always", daga ranar tambayar ba ta sake fitowa ba.

Manyan kamfanoni sun san darajar wannan gurbi fiye da masu wayoyin. A shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da Google, an bayyana cewa kamfanin ya biya Apple dala biliyan 20 a shekarar 2022 kaɗai domin ya ci gaba da zama injin binciken da burauzar Safari ke buɗewa kai tsaye, kuma a Agustan 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke cewa Google ya karya dokar hana babakere. Tarayyar Turai ma ta ci Microsoft tarar yuro miliyan 561 a 2013, saboda ya daina nuna wa masu Windows allon da zai ba su damar zaɓar burauza. Lissafin kamfanonin shi ne cewa jama'a ba kasafai suke taɓa abin da suka tarar an saita musu ba.

Yadda ake ganowa da sauyawa

A wayar Android, ana shiga "Settings", sai "Apps", a nemo manhajar da ta saba buɗe takardun, a shiga sashen "Open by default", wanda a wayoyin Samsung ake kira "Set as default", sannan a goge zaɓin da ke wurin. Sunayen sukan ɗan bambanta tsakanin Tecno da Infinix da itel da Redmi, amma hanyar ɗaya ce. Da zarar an sake latsa wani PDF, wayar za ta jero duk manhajojin da za su iya buɗe shi. Yana da kyau a riƙa zaɓar "Just once" har sai an gwada biyu ko uku.

A kwamfuta mai Windows, ana danna fayil ɗin da maɓallin dama na linzami, a zaɓi "Open with", sai "Choose another app", a nuna manhajar da ake so, a kuma tabbatar da cewa ita za ta riƙa buɗewa kullum. Wanda ke son ganin jadawalin gaba ɗaya sai ya shiga "Settings", "Apps", "Default apps". A Windows 11 ana rubuta .pdf a akwatin da ke sama, sunan manhajar da ke riƙe da gurbin ya bayyana.

A kwamfutar Mac, ana zaɓar fayil ɗin a buɗe "Get Info", a sauya abin da ke ƙarƙashin "Open with", sannan a latsa "Change All" domin sauyin ya shafi duk fayiloli irinsa. A iPhone kuwa wayar tana buɗe PDF da kanta, mai son wata manhaja daban yana tura mata takardar ta maɓallin rabawa.

Wannan hanya ba ta PDF kaɗai ba ce. Da ita ake gyara hoto ko bidiyo ko jadawalin Excel da ke buɗewa a manhajar da ba ta dace ba.

Ma'aunan zaɓe

Na farko shi ne bincike. Babu mai karanta kundin kasafi daga bango zuwa bango. Ana rubuta sunan ƙaramar hukuma ko ma'aikata ko gari a akwatin bincike ne, manhaja ta nuna duk wuraren da ya fito. Wadda ba ta iya wannan da sauri, ko ba ta bari a tsallaka kai tsaye zuwa lambar shafi, ba ta da amfani ga mai bibiyar gwamnati.

Sai dai akwai takardun da babu manhajar da za ta iya bincikawa kai tsaye, domin hotunan shafuka ne aka ɗauka aka haɗa. Takardun sakamakon rumfunan zaɓe, wato EC8A, da hukumar INEC ta ɗora a shafin IReV a zaɓen 2023 hotuna ne, haka ma wasiƙu da sanarwa da yawa na ma'aikatu. Gwajin mai sauƙi ne: idan aka danne kalma da yatsa ba ta zaɓu ba, hoto ne. Fasahar da ake kira OCR tana iya mayar da hoton rubutu, amma takan yi kuskure a lambobi da rubutun hannu, don haka ba a kafa hujja da ita sai an gwada da asali. A takardun Hausa kuma akwai ƙarin tarko, domin wanda ya nemi "kasa" ba lallai ya samu "ƙasa" ba, sai ya gwada da lanƙwasa da kuma babu.

Na biyu shi ne tsaro. Fayil ɗin PDF yana iya ɗauke da umarnin kwamfuta da mahaɗan intanet a cikinsa, kuma 'yan kutse sun daɗe suna bi ta nan. A Satumban 2021 cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto ta gano, a wayar wani ɗan gwagwarmaya na Saudiyya, yadda aka shigar da manhajar leƙen asiri ta Pegasus ta hanyar PDF da aka yi wa shigar hoto mai motsi aka aika ta iMessage. Mai wayar bai ko taɓa saƙon ba. Apple ya toshe ɓarakar a cikin watan, amma wanda bai sabunta wayarsa ba gyaran bai same shi ba. Don haka manhajar da masu ita suka daina sabuntawa abar gudu ce, komai kyanta.

Akwai kuma tsohuwar dabarar 'yan damfara ta sa wa fayil wutsiya biyu. Windows yakan ɓoye wutsiyar ƙarshe, sai fayil mai suna "jerin sunaye.pdf.exe" ya bayyana tamkar takarda, alhali shiri ne da zai fara aiki da an buɗe shi. Ana kunna "File name extensions" a sashen "View" na File Explorer domin a riƙa ganin cikakken suna. A Android, duk "takardar" da ta ƙare da .apk, ko ta nemi a girka wani abu kafin a karanta ta, manhaja ce aka yi wa lulluɓi, ko da an ce jerin waɗanda za a ba tallafi ne ko fom ɗin ɗaukar aiki.

Na uku shi ne sirri. Banza ba ta kai zomo kasuwa: manhajar kyauta da ke cike da talla, tallar ce ke ciyar da ita, wani lokaci har da bayanan mai waya. A Agustan 2019 kamfanin tsaro na Kaspersky ya gano mugun shiri a cikin sashen talla na CamScanner, manhajar mayar da hoto PDF da aka sauke fiye da sau miliyan 100, har Google ya cire ta daga Play Store kafin a gyara ta dawo. Manhajar karanta takarda ba ta da abin yi da lambobin waya ko saƙonnin tes ko wurin da mutum yake. Shafukan intanet da ke matse fayil ko mayar da shi Word kyauta kuwa, sai an ɗora musu takardar tukuna, wato kwafinta ya bar hannun mai ita. Ga ɗan jarida ko ɗan gwagwarmayar da aka ba takardar amana, wannan kaɗai ya isa ya tona asirin majiyarsa.

Wace ce ta dace da wa?

Ga mai karatu da bincike kawai, abin da ke cikin na'urar yakan wadatar. Chrome da Edge da Firefox duk suna buɗe PDF, kuma ana sabunta su a kai a kai. A Android, manhajar Google Drive tana yin aikin ba tare da talla ba. Mai tsohuwar kwamfutar Windows da ba ta son nauyi zai ji daɗin SumatraPDF, ƙaramar manhaja ta kyauta da ba ta aiwatar da umarnin JavaScript da ke cikin fayil. Masu Linux suna da Okular da Evince. Adobe Acrobat Reader da Foxit sun fi dacewa da mai cike fom, ko sa hannu, ko duba sa hannun dijital, sai dai sun fi nauyi, kuma suna yawan tallata sigarsu ta kuɗi. Ko wacce aka zaɓa, a sauke ta daga shafin masu ita ko rumbun manhajoji na hukuma, a kuma duba sunan kamfanin da ya wallafa ta, domin masu kwaikwayon suna da tambari suna da yawa.

Kafin a tura wa wani

Mai yaɗa takarda ma yana da nasa nauyin. A Janairun 2019 lauyoyin Paul Manafort, tsohon shugaban yaƙin neman zaɓen Donald Trump, sun shigar da takarda kotu bayan sun rufe wasu layuka da baƙin zane. 'Yan jarida suka kwafi wurin suka liƙa a wani shafi, rubutun ya fito tas. Zana baƙi a kan suna ba ya goge shi daga cikin fayil, sai an yi amfani da kayan aikin da ke cire rubutun ɗungurungum, sannan a gwada kwafa domin a tabbatar. Sashen "Properties" shi ma yakan nuna sunan wanda ya haɗa fayil ɗin da ranar da aka haɗa shi.

A ɗaya ɓangaren, ana iya gyara PDF kamar yadda ake gyara hoto. Tambarin gwamnati da hatimi da sa hannu a kan takardar da ta zo ta WhatsApp ba su tabbatar da sahihancinta ba. Idan doka ce ko kasafi ko sanarwa, a nemi kwafin da ke shafin hukumar da ta fitar a gwada shafi da shafi. Idan ba a wallafa ba, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan Najeriya damar nema a rubuce, ta kuma ba hukumar kwana bakwai ta amsa.