Randar Tsakar Gida a Cikin Manhaja

A ce wani mai kantin kayan masarufi a Sauka Kahuta ya ba ɗalibin Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna aikin rubuta masa manhajar ciniki. Ɗalibin zai kasa aikin kashi-kashi, kowane kashi da kilas ɗinsa, yadda ake yi a harsunan rubuta manhaja irin su Java da Python: wannan na ƙidayar kaya, wancan na rasit, na uku na masu bashi. Sai dai akwai bayanan da dukkansu ke bukata, kamar sunan kanti, harajin kaya da ragin da ake wa mai saye. Dabarar da ke fara zuwa ita ce a ajiye su wuri guda, kowane kilas ya miƙa hannu ya ɗauka. Wannan ita ce ma'ajiyar gama-gari.

Kamar randa ce a tsakar gidan haya. Kowa na sha, amma ranar da ruwan ya gurɓata, ba wanda zai ce ga mai moɗar da ta ɓata shi.

Ɗauka ba ta da laifi. Harajin VAT a Najeriya kashi 7.5 cikin 100 ne tun Fabrairun 2020. A rubuta shi sau ɗaya, a kulle, kowa ya karanta. Gara haka da a warwatsa shi wuri ashirin, ranar da gwamnati ta sauya a mance da uku. Matsalar tana wajen sauyawa. Misali, ɗan sari ya zo, kilas ɗin sari ya ɗaga ragi a ma'ajiyar, bai mayar ba. Mai sayen sabulu ɗaya ya biyo baya, shi ma ya samu ragin sari. Mai kanti zai ga kuɗi ba su cika ba da dare, wataƙila ma yaron kanti ya sha zargi. Shi kuwa ɗalibin zai kwana yana bin kilas ɗin rasit, alhali ba can ɓarnar ta faru ba.

Ba sabon ƙorafi ba ne. Tun 1973 masana kwamfuta William Wulf da Mary Shaw suka buga maƙala suna jan kunne a kan wannan ɗabi'a. A 2013 kuma, a shari'ar hatsarin wata Toyota Camry ƙirar 2005 a Oklahoma ta Amurka, masana sun shaida wa kotu cewa manhajar injin tana da irin waɗannan ma'ajiyoyi kusan dubu goma, abin da ya sa bin diddiginta ya yi matuƙar wuya.

Wasu na fakewa da salon Singleton, wanda littafin Design Patterns na 1994 ya yaɗa, wato kilas guda mai kwafi ɗaya tak. A ganina, in har kowa na iya sauya abin da ke ciki, suna kawai aka canja.

Abin da ya fi shi ne a ba kowane bayani mai shi. Ragi ya zauna a cikin cinikin da ake yi, ya mutu da fitar rasit. Kilas ɗin da ke bukatar wani abu a miƙa masa lokacin da ake ƙirƙirarsa, kada ya je ya ɗebo da kansa. In kuma dole ne a sauya abin da kowa ke amfani da shi, kamar farashin buhun shinkafa, to ƙofar ta zama ɗaya, tana rubuta wanda ya sauya da lokacin.