Sankarar rigar huhu: abin da mai zuwa Khartum da Omdurman ya kamata ya sani

Ga abin da muka tattauna a filin lafiya na wannan mako, mun rubuta shi saboda wanda bai samu ya saurara ba, ko wanda yake so a sake karanta masa a rumfa.

Maganar ta shafi Khartum da Omdurman, kuma ba baƙin garuruwa ba ne gare mu. Tun zamanin da ake zuwa Makka a ƙasa kakanninmu ke ratsa Sudan, wasu suka yi zamansu. Garin Mai Wurno da ke bakin kogin Nilu kusa da Sannar ya samo sunansa ne daga ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, wanda ya kai jama'a can bayan yaƙin Burmi na 1903. A cikinku akwai waɗanda suka sha kai dabbobi kasuwar Muwailih a yammacin Omdurman, akwai masu saro kaya a Suk Libya. To, yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya rusa gidaje da shaguna da masana'antu. Tun da sojoji suka karɓe tsakiyar Khartum a watan Maris 2025, mutane na komawa, ana kwashe ɓaraguzai, ana cinikin tsohon ƙarfe da tsohon rufi. A cikin wannan ƙura akwai abin da ido ba ya gani, shi ne asbesto.

Mene ne asbesto?

Wani dutse ne da ake haƙowa, idan an fasa shi sai ya warware zare-zare kamar auduga. Wuta ba ta cin sa, ba ya tsatsa, ga araha. Shi ya sa aka daɗe ana kwaɓa shi da siminti a yi kwanon rufi mai launin toka, da silin, da bututun ruwa, ana kuma sa shi a takalmin birki da kuloci da gasket na mota. Wanda ya san tsofaffin makarantu da gidajen gwamnati a Kano ko Maraɗi ya san irin wannan silin. A Khartum, da yawa daga tsofaffin bututun ruwa na siminti ne mai asbesto, kuma tun kafin yaƙi ake ta sauya su da na roba. A Sudan ɗin ma akwai dutsen a tsaunukan Ingasana da Kala'an Nahal.

Muddin rufin yana zaune lafiya, ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. Matsala tana farawa idan ya fashe, ko an yanka shi da zarto, ko an huda, ko bam ya tarwatsa shi. A nan ne zararrakin ke tashi, ƙanana ƙwarai, ba wari, ba sa sa mutum atishawa. Ka shaƙa ba ka sani ba, su kuma su shige can ƙarshen huhu su maƙale, jiki ba ya iya narkar da su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowane irin asbesto yana kawo sankara, kuma fiye da mutum 200,000 ke mutuwa kowace shekara saboda shaƙarsa a wurin aiki. Ingila ta hana shi gaba ɗaya a 1999, Afirka ta Kudu a 2008.

Ina cutar take kamawa?

Kai makiyayi ka fi kowa saurin gane wannan. In an yanka saniya an buɗe ƙirji, ka ga wani siririn tantani mai santsi da ya lulluɓe huhu, irinsa kuma ya shimfiɗe a cikin haƙarƙari. Idan saniyar ta yi ciwon huhu, sau da yawa za ka tarar da ruwa ɗorawa ya taru a ƙirjin, huhun ya manne da haƙarƙari. To, mutum ma yana da wannan tantani, shi muke kira rigar huhu. Sankarar da ke kama shi likitoci na ce mata mesoteliyoma. A kula fa, misali kawai muka yi don a gane wurin. Ba a ɗaukar ta daga dabba, ba a ɗaukar ta daga mutum, ba laifi a ci abinci kwano ɗaya da mai ita.

Abin da ya sa take yaudarar mutane shi ne jinkirinta. Daga shaƙar ƙurar zuwa bayyanar ciwo ana yin shekara 20 zuwa 50. Wato dattijon da yake haki yau, wataƙila ƙurar da ya shaƙa yana saurayi ɗan kwadago a masana'antun Bahri ce ta waiwayo shi. Yaron da ke fasa ɓaraguzai a bana kuwa, nasa lissafin sai ya yi furfura.

Alamomin da za ka lura da su

Na farko, haki. Mutum ya saba bin garke tun safe har yamma, yanzu ɗan tudu kaɗan sai ya tsaya ya dafa sanda. Hakin ba ya zuwa dare ɗaya, yana ƙaruwa ne wata bayan wata. Dalili shi ne ruwa ya taru tsakanin huhu da haƙarƙari, yawanci a gefe ɗaya, ya danne huhun ya hana shi buɗewa.

Na biyu, ciwon ƙirji ko na awaza a gefe ɗaya, mai nauyi, wanda ba ya tafiya, wani lokaci ya haura kafaɗa ko ya zagaya baya. Maganin ciwon jiki na kemis ya ɗan lafar da shi, anjima ya dawo.

Na uku, busasshen tari da ya ƙi ƙarewa. Sai rama ba dalili, abinci ya fita a rai, kasala, gumin dare da ɗan zazzaɓi. Wasu muryarsu na dishewa, wasu haɗiya na yi musu wuya.

Wani lokaci tantanin ciki take kamawa maimakon na ƙirji. A nan ciki ne ke kumbura da ruwa, da ciwo, da tashin zuciya, ga mutum yana ramewa cikin yana ƙara girma.

Ba tarin fuka ba ne wannan?

Tambaya ce mai kyau, domin alamomin sun yi kama ƙwarai. Gaskiyar magana, a ƙasashenmu tarin fuka ya fi wannan sankara yawa nesa ba kusa ba, kuma makiyayi mai shan ɗanyen nono yana iya ɗaukar na shanu. Saboda haka duk tarin da ya wuce mako biyu, a fara da gwajin kaki. In tarin fuka ne, alhamdu lillahi yana da magani, wata shida ana sha a warke.

Amma ga inda ake yin kuskure. A Afirka ta Kudu, a asibitin masu tarin fuka na Kimbali, likitoci sun lura wasu marasa lafiya masu ruwa a ƙirji ba sa samun sauƙi duk da magani. Da aka bi sawu, sai aka ga daga yankin da ake haƙar shuɗin asbesto suka fito. A 1960 likita Wagner da abokan aikinsa suka wallafa bayanin mutum 33, kuma wasunsu ba su taɓa aikin haƙar ba, kusa da wurin kawai suka tashi. Daga nan duniya ta farga. Darasin gare ka shi ne: in an yi gwajin kaki ba a ga komai ba, ko ana shan magani wata biyu ba canji, ko an zuƙe ruwan ƙirji ya sake taruwa, musamman in da jini-jini, to a koma wurin likita a nemi ƙarin bincike.

In ka je, kada ka jira a tambaye ka. Ka ce, likita, na yi aikin rufi, ko kanikanci, ko haƙar bututu, ko gwangwan, shekara kaza da suka wuce. Mace ma ta faɗa in ita ke kakkaɓewa da wanke kayan aikin maigida, domin ta wannan hanya mata da yawa suka kamu. Za a ɗauki hoton ƙirji, a zuƙi ruwan a duba, amma tabbaci sai an ɗebi ɗan tsokar tantanin an auna. Asibitin Abu Anja a Omdurman da na Sha'ab a Khartum an san su da aikin ƙirji, akwai kuma cibiyar sankara a Wad Madani. Yaƙi ya dagula aikin asibitoci da yawa, don haka ka yi waya ka tambaya kafin ka ɗora mara lafiya a mota.

Ba za mu ɓoye muku ba, cuta ce mai tsanani, kuma galibi ba a warkewa. Amma zuƙe ruwan yana buɗe numfashi, akwai maganin da ke rage zafi, akwai wanda ke rage mata gudu. Sanin sunan ciwon kuma yana hana a sayar da shanu biyar ana yawon neman maganin sammu.

Yadda za ka kare kanka da yaranka

In ka ga fasasshen rufi ko silin ko bututu mai launin toka, bakin karayar yana da gashi-gashi, ka ɗauke shi asbesto ne. Kada ka fasa, kada ka yanka, kada ka share shi a bushe. In dole sai an kwashe, a jiƙa shi sharkaf, a ɗaga shi ɗungurungum, a naɗe a leda mai kauri, a binne nesa da gida da rijiya. Rawani ko ƙyalle a hanci ba ya tare wannan zare, sai takunkumi na musamman mai lamba P3 ko P100. A tuɓe kayan aiki a wurin aiki, a yi wanka kafin a shiga cikin iyali.

Kai falke, kada arha ta ruɗe ka ka loda tsohon rufin asbesto ka ƙetaro da shi Adre ko Abashe, a yi garka ko akurki da shi. Kanike, kada ka hure ƙurar birki da baki ko da iska, ka goge da jiƙaƙƙen tsumma. A hana yara wasa a kan ɓaraguzai, ga ƙura, ga kuma harsasai da bama-baman da ba su tashi ba. Mai shan taba ya daina, domin taba da asbesto in sun haɗu suna ninka haɗarin sankarar huhu.

In akwai dattijo a rugarku ko a zangonku da ke haki da ciwon gefe ɗaya, a karanta masa wannan, a raka shi asibiti tun yana iya tafiya da ƙafarsa. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya zaunar da Sudan lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.