Ko Kun Sani? Macijin Madara Kan Yi Makonni Bai Ci Ba

Macijin madara, ɗan asalin nahiyar Amurka da wasu ke kiwo a gida, kan yi makonni bai sa komai a baki ba, kuma lafiyarsa lau. Jikinsa ba ya samar da ɗumi da kansa. In kejinsa ya yi sanyi, ɓeran da ya haɗiye ba zai narke ba, sai ya amayar. Haka in zai yi saɓa: idanunsa su yi hazo, ya ɓuya, ya ƙi ci. Wani zai ce ai ƙin ci alamar ciwo ce. Takan zama haka, shi ya sa a riƙa ɗora shi a sikeli. In yana ramewa, ko yana numfashi baki buɗe, kada a yi masa ɗura, a kai shi wurin likitan dabbobi.