Kiwon Tsutsar Malam-Buɗe-Littafi: Darasi Daga Lambun Gida

Na san akwai waɗanda suka yi murmushi sa'ad da suka ji cewa kan tsutsa za a yi laccar yau, domin kuwa a al'adarmu tsutsa ba abar kiwo ba ce, abar takewa ce. Duk da haka ina roƙo a ba ni aron kunne, saboda ina so in nuna cewa kwalba guda da ɗan ganye suna iya koya wa mutum abin da shekara guda ta hadda ba za ta koya masa ba, kuma rashin wannan sanin yana jawo mana hasarar kuɗi da ta amfanin gona.

Gabatarwa

Duk wanda ke da bishiyar lemo a gidansa, a nan Samaru ko a Sabon Gari, ya san abin da kan faru idan damina ta kankama. Da safe sai ya tarar an ɓantare gefen sababbin ganyaye, ya duba ya ga tsutsa. Abin da akasarinmu kan yi shi ne a aika yaro kasuwa ya sayo maganin feshi, a bi lambu duka a fesa, ba tare da an tambayi wace irin tsutsa ce ba, ko me za ta zama, ko kuwa ɓarnar tata ta kai kuɗin maganin. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Hanya mafi sauƙi ta fita daga wannan duhu ita ce a ɗauki tsutsar a kiwata, a ga ƙarshenta.

Ba yau aka fara ba

Kada a ɗauka sanin tsutsa baƙon abu ne a ƙasar Hausa. Zaren tsamiya da ake saƙa manyan riguna da shi, ake kuma yi musu aiki irin su aska takwas, daga gidan wata tsutsa ake samunsa, wadda masana ke kira Anaphe. Tsutsotsin kan taru su saƙa gida guda a jikin itace, mutane su ɗebo, a dafa da ruwan toka, mata su kaɗa zare. Waɗanda suka gano wannan sana'a sai da suka tsaya suka lura da halin tsutsar.

A ƙasashen Turai ma lura ce ta kawar da jahilci. An daɗe ana zaton tsutsa daga ruɓa ko daga laka take fitowa haka kawai, har sai a 1668 da Francesco Redi na Italiya ya gwada ya nuna cewa tsutsar nama daga ƙwan ƙuda take. Ita kuwa Maria Sibylla Merian, wadda aka haifa a Jamus a 1647, tun tana yarinya ta fara kiwon tsutsotsi a gida tana zana kowane mataki na rayuwarsu tare da ganyen da suke ci. A 1699 ta tafi Surinam ta Amurka ta Kudu, kuma littafinta kan ƙwarin can ya fito a 1705. Ba ta da wani kayan aiki da ya fi ƙarfin ɗalibin Samaru na yau.

Matakai huɗu na rayuwa

Malam-buɗe-littafi yana bin matakai huɗu. Na farko ƙwai, wanda macen kan liƙa a jikin ganye. Na biyu tsutsa, wadda ba ta da aiki sai ci. Da yake fatarta ba ta girma tare da ita, dole ta yi saɓa, yawanci sau huɗu, kafin saɓar ƙarshe da ke kai ta mataki na uku, watau kwanci a cikin kwanso. A nan ne akasarin jikin tsutsa ke narkewa, a sake gina fukafukai da ƙafafu da dogon bakin zuƙar ruwan fure. Na huɗu shi ne babban ƙwaron da muke gani yana buɗe fukafukai yana rufewa, kamar almajiri da littafinsa.

Abin lura a nan shi ne, kowane iri yana da tsiron da tsutsarsa ke ci. Macen takan ɗanɗana ganye da ƙafafunta kafin ta yi ƙwai. Tsutsar lemo ba za ta ci tumfafiya ba ko da yunwa za ta kashe ta. Wanda ya gane wannan ya gane rabin kiwon.

Har ila yau ya kamata a rarrabe tsakanin malam-buɗe-littafi da 'yan uwansa masu tashi da dare, waɗanda kan kewaye fitila. Na rana yana da ɗan kumburi a ƙarshen zaruruwan nan biyu na kansa, kuma yakan haɗe fukafukansa sama in ya sauka. Na dare galibi shimfiɗa nasu suke yi. Akasarin tsutsotsin da ke cinye amfanin gonarmu 'ya'yan na dare ne.

Baƙi biyu na lambunmu

Torben Larsen, a littafinsa na 2005, ya lissafa iri kusan 1,500 na malam-buɗe-littafi a Afirka ta Yamma. Iri biyu daga ciki sun isa mai koyo a Zariya.

Na farko shi ne na lemo, Papilio demodocus, babba, baƙi mai ɗigo-ɗigon rawaya. Ƙwansa ɗai-ɗai ne a kan ɗanyen toho, ya yi kamar ƙwayar gero ƙarama, kuma yakan ƙyanƙyashe cikin kwana 4 ko 5. Ƙaramar tsutsar baƙa ce da fari-fari, ta yi kama da kashin tsuntsu, don haka tsuntsaye kan wuce ta. A matakin ƙarshe sai ta rikiɗe ta zama kore shar, ta saje da ganye. In aka taɓa ta, takan fito da wani abu mai reshe biyu, ja-ja, daga bayan kanta, tare da wari mai ƙarfi. Wannan barazana ce kawai, ba ta cizo ba ta harbi. Idan ta ƙoshi sai ta ɗaure kanta a jikin reshe da ɗamarar zare, ta shiga kwanci na kimanin mako biyu. Da rani kwancin kan yi tsawo fiye da haka.

Na biyu shi ne na tumfafiya, Danaus chrysippus, wanda Linnaeus ya raɗa wa suna a 1758. Tsutsarsa tana da zane-zanen baƙi da fari da rawaya, da zaruruwa shida a gadon baya. Ba ta ɓuya, domin dafin da ke cikin tumfafiya takan tara shi a jikinta, ya bi ta har ta yi fukafukai, tsuntsun da ya ci ɗaya ba ya marmarin na biyu. Kwansonta yana rataye kai ƙasa, kore ko ja-ja mai haske, da ɗigo kamar na zinariya. Irin da muke da shi a Afirka ta Yamma fukafukansa na baya farare ne. Wannan tsutsa ba ta taɓa masara ko tumatir ko lemo. Wanda ya fesa mata magani ya yi hasarar kuɗinsa a banza.

Yadda ake kiwon

A nemi kwalba mai faɗin baki ko roba mai haske, a shimfiɗa takarda a ƙasa, a rufe bakin da ƙyallen gidan sauro a ɗaure. Kada a taɓa tsutsar da hannu, a yanko ganyen da take kai tare da ita. Gizaka mai gashi kuwa a yi nesa da ita, domin gashinta na sa ƙaiƙayi. Wanda ya tsinki tumfafiya lalle ya wanke hannu, saboda ruwanta yana da haɗari ga ido.

Kowace safiya a zubar da kashin, a canja takarda, a sa sabon ganye na ainihin tsiron da aka same ta a kai, wanda ba a yi wa feshi ba. In an tsoma reshen cikin 'yar kwalbar ruwa don kada ya yi yaushi, a toshe bakinta da auduga, domin tsutsa takan gangara ta nutse. Ta ƙananan ƙofofi a gefen jikinta take numfashi, ruwa kaɗan ya isa ya shaƙe ta.

A ajiye kwalbar a inuwa, don rana takan mayar da ita tanda cikin ɗan lokaci. A ɗora ta cikin faranti mai ruwa saboda tururuwa da cinnaka. Lokacin hunturu, da iska ke bushewa, a ɗan yayyafa ruwa a jikin ƙyallen. In aka ga tsutsa ta daina ci ta yi shiru yini guda, kada a ce ta mutu, saɓa take shirin yi, kuma motsa ta a lokacin na iya kashe ta. Sa'ad da ta girma ta fara kai da kawowa, a jingina ɗan tsinke a ciki, a kuma bar fili isasshe, domin sabon malam-buɗe-littafi sai ya rataya kafin fukafukansa su miƙe. In wuri ya yi masa ƙunci, a lanƙwashe za su bushe, ba zai taɓa tashi ba. Bayan 'yan sa'o'i a sake shi a inda aka samo shi.

Amma abin da ya raba wasa da ilmi shi ne rubutu. A sami ɗan littafi a riƙa rubuta ranar da aka samo tsutsar, da sunan tsiron, da tsawonta, da ranar kowace saɓa, da ranar shiga kwanci da ta fitowa. In abin da ya fito ya gagari ganewa, akwai ɗakin ajiyar ƙwari a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda aka kafa harsashinta a 1922, ta kuma shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Masu bincike daga sassa da dama na Nijeriya nan suke kawo ƙwari a tantance musu.

Idan baƙo ya fito daga kwanso

Wani lokaci mai kiwo zai jira malam-buɗe-littafi, sai ya ga ƙuda ya fito, ko waɗansu ƙananan ƙwari dangin zanzaro. Kada ya yi baƙin ciki, domin ya ga babban darasin. Waɗannan ƙwari sun yi ƙwai ne a jikin tsutsar tun tana lambu, 'ya'yansu suka cinye ta daga ciki. Su ne dakarun manomi da ba a biyansu albashi. Feshin da aka yi ba bisa sani ba yakan kashe su tare da tsutsar, sa'an nan in tsutsar ta dawo ba ta tarar da mai tsare ta ba.

Maƙwabtanmu na Nijar sun mayar da wannan sani abin amfani. Masu bincike na cibiyar INRAN a Maraɗi suna kiwon wani ɗan ƙwaro, Habrobracon hebetor, a cikin ƙananan buhuna, a kai ƙauyuka a rataye kusa da gonaki, ya fita ya kashe tsutsar da ke cin zangarniyar gero. Wannan aiki tushensa kiwon tsutsa ne a cikin kwalba.

Abin da ke gabanmu

Ba ina cewa kowace tsutsa abokiya ba ce. A 2016 tsutsar tumatir, Tuta absoluta, ta yi ɓarnar da har Gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir. A wannan shekarar kuma aka fara ganin tsutsar masara da ta fito daga nahiyar Amurka a Nijeriya, kafin ta watsu a Afirka. Dukansu biyu 'ya'yan masu tashi da dare ne, kuma wanda ya kiwata irinsu don ya gane su, kada ya sake su. Ita ma tsutsar lemo tana iya tsige ƙaramin dashe ƙarƙaf, ko da yake babbar bishiya takan jure. A lambun gida tsince ta da hannu ya wadatar.

Abin nufi shi ne, baƙuwar annoba ba ta shigowa da sallama. Wanda zai fara ganinta shi ne wanda ya riga ya san 'yan gida. Malamin gona da ya taɓa kiwon tsutsa goma da hannunsa, shi ne zai dubi ta goma sha ɗaya ya ce, wannan ban san ta ba, a kai ta Samaru. Wanda kuwa bai san kowace ba, duk ɗaya ne a wurinsa, kuma shawararsa ɗaya ce, a yi feshi.

Kammalawa

Saboda haka ina kira ga ɗalibai, musamman masu shirin zama malaman makaranta, da su gwada wannan a daminar nan, tsakanin Mayu da Oktoba, sa'ad da ganye ke da yawa. Ma'aikata kuwa, ku bar gindin tumfafiya guda a bayan gida, ku ba yaranku kwalba da littafi. Yaron da ya tashi da asuba ya ga fukafukai suna miƙewa daga kwanson da shi ya tsare mako biyu, ba sai an tilasta masa son kimiyya ba. Gani ya kori ji.