Mamman Shata, mawaƙin Katsina da Maraɗi ta riƙe kamar nata

Duk wanda ya taɓa zama a tashar mota ta Maraɗi, ko ya bi hanyar Jiratawa zuwa Ɗan Isa cikin motar haya, da wuya ya sauka bai ji muryar Alhaji Mamman Shata ba. Mutumin Nijeriya ne, amma a nan ba a ɗaukarsa baƙo. Dalili kuwa a fili yake: bayan da masu jihadi suka ci birnin Katsina a 1807, sarakunanta na Haɓe suka yo arewa, Ɗan Kasawa ya kafa Maraɗi wajen 1819, har yau kuma Sarkin Katsina ake ce wa mai sarautar garin. Harshe ɗaya ne, kunne ma ɗaya, Radiyon Kaduna kuwa bai taɓa tsayawa kan iyaka ba.

An haifi Shata a Musawa cikin ƙasar Katsina a 1923. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, Bafillace ne, gidansu kuma ba gidan kiɗa ba ne, saboda haka uban ya ƙi jinin ɗansa ya yi waƙa, domin a ganinsa roƙo ce. Yaron ya yi karatun allo, bai shiga lakwal ba. Ya yi tallan goro da alewa, ya riƙa waƙa a dandali wurin wasan samari da ƴan mata, tun ba a ba shi komi. Daga baya ya zauna Bakori, sa'an nan Funtuwa, inda ya yi mafi yawan rayuwarsa. A 1952 ne sunansa ya fito sosai, a wani babban biki da aka yi na auren ƴaƴan sarki a Kano.

To, domin a gane girman abin da ya yi, sai mai karatu ya tuna yadda kiɗa yake a ƙasar Hausa. A fada irin ta Sarkin Gobir a Tsibiri, wadda aka kafa a 1836, kowane abin kiɗa da matsayinsa: tambari da kakaki na sarki ne, taushi da kotso na makaɗan fada ne, kuma makaɗi gadon sana'ar yake yi, ubangidansa ɗaya, shi ke ba shi doki da riga da hatsi. Haka Ibrahim Narambaɗa ya zauna da kotsonsa wurin Sarkin Gobir na Isa. Kalangu kuwa can ƙasa aka ajiye shi, kiɗan mahauta ne da na ƴan mata a dandali. Wannan abin da aka raina shi Shata ya ɗauka, alhali bai gada ba, kuma bai ɗaure kansa ga fada ɗaya ba. Ya yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar waƙa, ya yi wa Hassan Usman Katsina, ya yi wa soja lokacin yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970. Amma da bakin nan dai ya waƙe manoma da direbobi da ƴan kasuwa da mata, har da tsuntsaye da dabbobi. Wanda ya ɓata masa kuwa, zambo na jiransa, komi rawaninsa.

Yadda yake shirya waƙa shi ne abin da ya fi cancanta a tsaya a kansa. Kalangu fata biyu gare shi, tsarkiya ta haɗa su; makaɗi ya rataya shi a hammata, in ya matse tsarkiya sauti ya hau, in ya sassauta ya sauka, ta haka kiɗan yake bin hawa da saukar maganar Hausa har mai saurare ya ji kamar kalmomi. Shata yakan kafa gindin waƙa, watau ƴar gajeriyar magana wadda ƴan amshi za su yi ta maimaitawa ba canji, makaɗa su ɗauke ta da kalangu. A kan wannan gindi yake ɗora ɗiyan waƙa ɗaya bayan ɗaya, nan take, gwargwadon wanda ya shigo fili da abin da idonsa ya gani. Babu takarda, babu alƙalami. Mai shirya kiɗa na ƙasashen Turai yakan rubuta kowane sauti, a buga shi daidai ko bayan shekara ɗari. Wannan kuwa in ya rera waƙa yau a Funtuwa, ya sake ta gobe a Kano, gindin ne kaɗai zai zauna yadda yake. Ko Bakandamiyarsa, wadda a cikinta yake wasa kansa, ɗauka daban-daban gare ta, kowace da ɗiyan da babu su a wata.

Nan ne asarar take. Abin da faifai da kaset da gidajen radiyo suka kama shi ya tsira, sauran ya tafi da daren da aka yi shi. Wanda ya tsira ɗin ma yanzu a wayoyin hannu yake yawo, sau da yawa ba sunan wanda aka yi wa waƙar, ba shekara, ba gari. Makaɗan Maraɗi da Tsibiri da Jiratawa, waɗanda ba su samu rabin na'urorin da suka bi Shata ba, tasu asarar ta fi haka.

Ya taɓa siyasa: kansila a Kankiya cikin shekarun 1970, daga baya shugaban jam'iyyar SDP a Funtuwa. Ba nan ƙarfinsa yake ba. Waƙa ce ta kai shi ƙasashen Afirka ta Yamma da Ingila da Amurka, ita ce kuma ta sa gwamnatin Nijeriya ta ba shi lambar girma ta MON. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin dakta na girmamawa, shi da bai taɓa zama a aji ba.

Ya rasu ranar Juma'a 18 ga watan Yuni 1999 a Kano, aka kai shi Daura aka rufe, garin sarkin da ya fi kusa da shi. A 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da littafin tarihinsa da Hausa, mai suna Shata Ikon Allah, bayan sun bi danginsa da makaɗansa da suka rage suna rubuta abin da suka tuna.