Masu Riƙe Da Ƙofar Kasuwar Manhaja

Kowane ɗan kasuwa ya san wanda ke riƙe da ƙofar kasuwa shi ke yanka kuɗin rumfa, shi ne kuma ke faɗin hajar da za ta shiga. To, jama'a, wayar nan da ke aljihunmu kasuwa ce, manyan ƙofofinta kuwa biyu ne, dukansu a hannun kamfanonin Amurka: Apple mai tsarin iOS, da Google mai Android.

Apple ya fito da iPhone a 2007, ya buɗe kantinsa na manhajoji, watau App Store, a 2008, shekarar da wayar Android ta farko ta shigo. Dā Nokia da BlackBerry ke sharafinsu. Microsoft ma ya sayi sashen wayoyin Nokia a 2014, amma tsarinsa bai kai labari ba, domin masu ƙera manhaja ba su kafa rumfa inda babu masaya, masaya kuwa ba su zuwa inda babu haja. Yau wajen wayoyi 7 cikin 10 na duniya da Android suke aiki, har da Tecno da Infinix da itel da suka cika kasuwanninmu, waɗanda kamfanin Transsion na ƙasar Sin ke ƙerawa.

Mai son baje manhajarsa yakan biya Apple dala 99 kowace shekara, Google kuwa dala 25 sau ɗaya. Bayan haka ga la'ada. Shekara da shekaru suna cire kashi 30 cikin 100 na kuɗin manhajar da aka sayar, sai a 2021 suka rage wa ƙananan masu sana'a zuwa 15. Dillalin da ya nemi haka a kara, lalle da an kai ƙararsa gun sarkin kasuwa. Hujjarsu ita ce su ke tantance haja, su kare mai saye daga algus.

Ikon ƙofa bai tsaya ga kuɗi ba. A watan Oktoba na 2021 Apple ya cire manhajar Quran Majeed daga kantinsa na ƙasar Sin bisa ga buƙatar hukumomin can. Mai Android yana iya ɗauko manhaja ta wata hanya, amma mai iPhone a can ba shi da kanti sai wannan. A ƙasashen Tarayyar Turai ma sai a 2024 doka ta tilasta wa Apple ya ƙyale wasu kantuna.

Batun tantancewar nan fa, muna ganin akwai abin dubawa. Manhajar da aka ce kyauta ce ba ta rasa inda take cin abinci: sau da yawa maƙerinta yakan cusa wani ɗan tsari na wani kamfani, mai tattara bayanin inda mai waya yake, a biya shi. A Nuwamba 2020 'yan jaridar Vice suka bayyana cewa Muslim Pro, wadda miliyoyin Musulmi suka dogara da ita don lokutan salla da alƙibla, tana miƙa irin wannan bayani ga kamfanin X-Mode, alhali cikin abokan cinikinsa akwai 'yan kwangilar sojan Amurka. Masu Muslim Pro sun musanta sayar wa soja bayani, suka kuma yanke hulɗa da X-Mode. Apple da Google ba su umarci masu manhajoji su cire tsarin X-Mode ba sai a Disamba, bayan labari ya riga ya gama duniya.